Sawun da Ya Ƙona Ciyawar Rami na Bakwai

…ba iska ba ce! Wallahi ba iska ba ce! Mai feshi yana durƙushe a bakin rami na bakwai na filin golf, murna kamar ta kashe shi. Kwana uku ke nan manaja na cewa shi ya fesa maganin ciyawa a gefen hanya ana iska, maganin ya sauka kan lallausar ciyawar nan da ake lallaɓawa kamar ƙwai — gasa ranar Asabar, takardar sallama ranar Litinin. To ga shi! Yau da ƙunar ta gama fitowa, ashe sawu ne. Sawun mutum! Dama, hagu, dama… Iska tana sa takalmi ne? Wani ne ya taka inda aka fesa, ya kwaso magani a ƙafa, ya ratsa ta nan. Tuni ya buga wa manaja: "Ranka ya daɗe, zo ka ga ƙafar mai laifi da idonka!"

Wa ke nan? Mai yankan ciyawa? Ko ɗaya daga cikin manyan nan masu sanduna? Allah ya sa! Yana bin sawun, yana dariya shi kaɗai. Shekara goma sha ɗaya yana gwada iska da ƙyalle kafin ya taɓa famfo, a ce wai shi… Tirƙashi, takun na ƙara faɗi. Gudu mutumin yake yi! Wa ke gudu a nan, inda ko tari sai ka duba hagu da dama? Mai yankan ciyawa dai ko kare ya biyo shi ba zai… Kuma sawun bai nufi rami ba, ya miƙe sai ƙofar ma'aikata, wajen babura —

Sai ranar feshin ta faɗo masa: waya na ruri a aljihu, tankin feshi a baya. Muryar ƙanwarsa daga asibiti: "Yaya, matarka ta sauka! Mace!" Shekara tara ana jira. Ya yar da tanki, ya zura… ta ina? Ta hanya mana. Ta hanya ya bi — ko? Hanya tana da zagaye.

Yana ɗora takalminsa a kan ƙunar. Daidai, har inda dunduniya ta cinye. Innalillahi… Murmushin ma bai gama sauka daga fuskarsa ba. Daga kan tudu 'yar motar manaja tana gangarowa, shi kuma ƙafar ta ƙi ɗaguwa.