Ƙodar da Kaka Ta Yi wa Kiwo

Ku yi mini haƙuri da wannan karambani. Karatu kawai na iya, ban taɓa rubuta labari ba. In kun ga na karkace, ku ɗauka ƙuruciya ce.

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi, a cikinta aka cire wa Baba ƙoda. Sunansa Sallau, masunci ne a bakin ruwa kusa da Wara. Wata safiya iska ta taso, jirginsa ya daki kututturen bishiya, irin waɗanda ruwa ya cinye tun da aka yi dam, ya faɗi da kwiɓi a kan bakin jirgin. Da ƙafarsa ya dawo gida yana cewa ba komai. Kafin azahar fitsarinsa ya koma jini.

A motar kifi aka kai shi asibiti a Yelwa. Likita ya ce ƙodar hagu ta fashe, jini na zuba a ciki, in ba a cire ta a ranar ba, ba zai kai gobe ba. Taubashinsa Jibrin ya ba da jini, ido a rufe, yana salati kamar shi za a yanka. Aka yi aikin. Da Baba ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an kwaso ragarsa daga ruwa.

Ciwo ya warke, sai tabo kamar tafiyar shanshani. A nan rigima ta fara. Mahaifiyarsa, Kaka Tamada, ta ɗauke filafilin da yake tuƙi da shi ta tura ƙarƙashin gadonta.

"Ba ka komawa ruwa da ƙoda guda," in ji ta. "Biyu Allah ya ba ka. Sai sun koma biyu."

"Haba Inna, albasa ce da za ta sake tsirowa?"

"Kai ka haihe ni, ko ni na haihe ka?"

Baba ya haƙura. Bai taɓa tsallake maganarta ba, ba zai fara da furfura ba.

Kaka ta shirya da wani mahauci. Duk ranar kasuwa sai ga ƙodar akuya a ganye. Ta gasa, ba gishiri, don wannan kam ta ji likita ya faɗa. Ta zauna ta sa shi gaba har ya haɗiye lomar ƙarshe. A ganinta, abin da ya fita ta ciki, ta baki zai koma.

Baba ya koma ɗinkin ragar mutane a ƙofar gida, idonsa na kan jiragen da ke fita. Jibrin kuwa ba ya wucewa salin alin.

"Ina kwana, rabin mutum! Yaya jinina? Ka riƙa lallaɓa shi, jinin manya ne."

"Shi ya sa tun da aka sa min shi nike jin lalaci," in ji Baba.

"Jiya na ji kana kuka kamar bunsuru. Ƙodar ta fara aiki ke nan."

Baba yana dariya, amma ni na ga yadda abinci ya daina yi masa daɗi. Ruwa ya cika, kifi ya shigo, shi yana tudu.

Da lokacin komawa dubawa ya yi, aka tura shi Sakkwato a ɗauki hoton cikinsa. Kaka ta ce ƙafarta ƙafarsa, ni kuma aka ce in riƙe mata hannu. Likitan can ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya yi murmushi.

"Malam Sallau, madalla. Ta dama ta ƙara girma, tana aikin biyu."

Kaka ta gyara zama. "Mi kac ce, ɗan nan? Ta girma?"

"Ta girma, Inna. Haka ƙoda take yi in ta rage ita kaɗai, da kanta take..."

"Ka ji ko!" Kaka ta dafa gwiwar Baba. "Wuri guda suka haɗe. Ai na san ƙodar akuya ba ta ƙarya."

Likita ya buɗe baki zai gyara mata. Baba ya ɗago ido ya yi masa wani kallo, irin na wanda ruwa ya kai wa wuya. Likita ya yi tari, ya duba hoton kuma.

"To, Inna, kin yi ƙoƙari. Ya koma sana'arsa. Ya riƙa shan ruwa da yawa, ya kiyayi faɗuwa, don wannan ba ta da 'yar'uwa."

"Akuyar fa? A ci gaba?"

"A'a, ta isa haka," Baba ya riga shi amsawa.

Ranar da Kaka ta fito da filafilin, rabin unguwa sun biyo mu bakin ruwa. Ta goge shi da bakin zaninta ta miƙa masa, ta yi addu'a doguwa. Baba ya tura jirgi, ya shiga, bai ko waiwayo ba. Mata suka kewaye ta suna tambayar ko ƙodar rago ma tana yi.

Jibrin ya sosa ƙeya. "Ni fa ban yarda ba. A samo mai boko ya hwaɗa muna gaskiya."

Ni da na yi boko ina tsaye bayan wani kwandon kifi, ga abin da likita ya faɗa cike da bakina. Na kalli jirgin Baba ya yi nisa. Kafin wani ya juyo, na sulale ta bayan rumfa na kama hanyar gida.