Burodin da Ya Faɗa Kaskon Cuku

Dokar gidan su Gaspard ba ta da wuyar ganewa: duk wanda burodinsa ya suɓuce daga cokali mai yatsu ya faɗa cikin kaskon narkakken cuku, zai tuɓe takalmi da safa ya zagaye gida a cikin dusar ƙanƙara. Gaspard ne ya kafa dokar, shi ne kuma alƙali. Shekara talatin da ɗaya ke nan suna hawowa ƙauyen Arolaz daga Fribourg duk hutun Fabrairu, suna sauka a gidan katakon nan na bayan coci, bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Surukinsa Bastien ya zagaya tun yana saurayi mai kunya. Har limamin cocin ma, da tsautsayi ya kawo shi cin abinci, sai da ya tattare riga ya zagaya. Shi kuwa Gaspard burodinsa bai taɓa faɗawa ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

To bana hannunsa na dama ya fara rawa. Ya ɓoye abin iya ƙarfinsa, domin ya san halin 'yarsa Odile. Ma'aikaciyar jinya ce, ba ta san wasa ba. Ranar da ta ga hannun nan, katakan da yake zamiya da su a kan ƙanƙara sun shiga ɗakin ajiya ke nan, shi kuma ya koma zaman baranda da bargo a gwiwa yana gadin jakunkunan mutane. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma ba abin da ya kawo shi sai gangarowa daga kan dutse gobe da safe. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Da yamma lis, ƙanƙara na ta zuba, Bastien ya goge kasko da tafarnuwa, Léonie jikar Gaspard ta gurza cuku har hannunta ya sage. Gaspard ya leƙo ɗakin girki ya ce, "Ni da miya kuka yi mana yau. An sha hanya."

"Miya?" in ji Léonie. "Tsoho, ko dai ka fara tsoron kasko ne?"

"Tsoron wa? Ke da kika zagaya sau biyu bara kina kuka da majina?"

"Ina da shekara goma sha uku a lokacin."

"Yanzu kuma kin zama uwar mata. Kawo burodin."

Aka zauna. Kasko na tafasa a hankali a kan ɗan risho, shayi na tururi, tagogi sun yi gumi. Bastien yana ba da labarin yadda ya kusa shigewa cikin shingen wani manomi da mota, Odile tana gyara masa labarin. Gaspard ya soke burodi ta wajen ɓawon, ya dafe gwiwar hannu a kan teburi, ya tsoma. Na farko ya fito lafiya. Na biyu da na uku ma haka. Har ya fara jin bakinsa ya dawo, ya soma tsokanar Bastien cewa yana juya cuku kamar mai dama siminti.

A na biyar hannun ya ƙwace masa. Cokalin ya bugi bakin kasko sau biyu, burodin ya nutse.

Ya jira ihu. A gidan nan in burodi ya faɗa, har bubbuga teburi ake yi. Amma Léonie ta tsura wa farantinta ido. Bastien ya sa cokalinsa ya tura burodin ƙarƙashin cuku yana ci gaba da maganar shinge. Odile ta tashi wai za ta ƙaro shayi, alhali buta cike take. Nan Gaspard ya gane cewa duk sun sani, kuma sun daɗe da sani. Kunyar da ya ji ta fi ta faɗuwar burodin, sai kuma ta koma haushi.

"Burodina ya faɗa," ya ce.

"Ban gani ba, Baba," in ji Bastien.

"Kai da ka binne shi da hannunka? Da makafi nake cin abinci ashe."

Ya sunkuya ya cire takalmi, ya zare safa, ya ɗora su a kan kujera. Da ya buɗe ƙofa sanyi ya shigo, ya taka waje. Sai a nan Léonie ta fara buga teburi, Bastien ya taya ta.

Bai kai kusurwar farko ba ya ji taku a bayansa. Odile ce, ita ma ba takalmi, tana ɗaga ƙafa kamar kaza a ruwa.

"Ke kuma me kika yar?"

"Ba komai. Rakiya na zo."

Suka wuce tarin itacen wuta. Ƙafafunsa sun fara zafi kamar ya taka garwashi. Bai dube ta ba ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun bazara. Ka koma shan kofi da hannu biyu, ka daina ɗaura igiyar takalmi a gabanmu."

"Shi ne kika yi shiru."

"Jira nake ka faɗa da bakinka. Na samo maka likita, ran sha biyu ga wata, kuma za ka je."

Ya ja tsaki, amma bai musa ba. Sun sha kwana ta uku kafin ya iya tambayar abin da ke cinsa. "Gobe fa?"

"Gobe me? Da hannu ake zamiya ko da ƙafa? Ƙafar da ke tafiya haka a ƙanƙara ba abin da ya same ta. Za ka hau. Amma ta hanya mai sauƙi, kuma ina bayanka."

"Hanyar yara? Allah ya kiyaye. Ta tsakiya."

"Baba, yatsuna sun mutu, ba zan yi ciniki a nan ba."

"To ta tsakiya," ya ce, ya rage sauri da gangan.

Ta kama hannun nan mai rawa ta riƙe gam, tana dariya haƙoranta na haɗuwa, ta ja shi zuwa ƙofa.