Tarkacen Makewayin Malam Babandi

Shekara biyu cur Malam Babandi ya yi yana ɓoye wa 'ya'yansa cewa idonsa ya tafi. Yanar ido ce ta rufe su duka biyun, ba ya ganin komai sai haske da inuwa, mutum ma in ya tsaya a gabansa sai ya yi magana zai san ko wane ne. Zancen asibiti kuwa kada ma ka fara, shi a wurinsa wuƙa ba ta da hurumi a ido. Matarsa Dijatu kaɗai ta san sirrin, ita kuwa wata bakwai ke nan da rasuwarta.

Dalilin ɓoyon ɗaya ne. Babbar 'yarsa Rekiya, malamar makaranta a Kaduna, ta daɗe tana neman hujjar da za ta ɗauke shi daga garin Lafiya ta mai da shi gidanta. Shi kuma ya ƙudura a ransa, muddin yana iya kai kansa makewayi ya dawo da ƙafarsa, ba mai raba shi da gidan da ya gina tun yana saro doya daga Assakio. Masallaci a ƙofar gida yake, ƙafarsa ta haddace hanya. Abinci kuwa Cordelia mai haya a ɗakin gaba ke miƙo masa, kuma ko ta gane wani abu, ta kama bakinta.

Makewayin tsakar gida shi ne wurin haɗari. Tsohon gini ne mai faɗi, rufin kwano, ba taga, gefe guda na wanka, gefe guda ga ramin masai. Mai ido in ya leƙa zai ce juji ne. Amma ba abu ɗaya a ciki da Dijatu ta ajiye a banza. Tsagaggen turmi a kife daga hannun dama, shi yake dafawa ya miƙe. Jarkoki uku a jere jikin bango, yana bin su da gwiwa. Wani lotsattsen bokitin ƙarfe mai yoyo, da ƙafarsa ta taɓa shi ya yi ƙara, ya san saura taku biyu ya isa rami. Sai tsohon zanenta a rataye jikin ƙusa, daidai bakin ƙofa. Da hannu ta kama shi ta zagaya da shi har ya riƙe, tana yi tana tsokanarsa wai ta samu ɗalibi mai taurin kai da tsufanta.

Rekiya ta zo hutu ranar Juma'a. Asabar da hantsi ta ɗaure zani a ƙugu, ta ɗauki tsintsiya da omo. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta iya zama ta ga datti, gadon uwarta ne, sai dai ita ba ta tambaya kafin ta zubar. Ta fara da banɗakin zamani mai tayil da ƙaninta ya gina a cikin ɗaki, wanda Malam bai taɓa yarda da shi ba saboda santsi. Can ba abin da ta tarar sai kwalaben man shafawa da suka ƙare da tsofaffin buroshi. Da ta leƙa na tsakar gida sai ya ji ta yi salati.

Yana zaune a kan tabarma gindin mangwaro, carbi a hannu, yana jin komai. Ya ce mata ta bar kayan, ba sa tsare wa kowa hanya. Ta yi dariya ta ce ai wannan tarkace shi ke tara kyankyasai da sauro, kuma in baƙo ya shiga sai ya ce gidan ba 'ya'ya. Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ya ga ba abin da zai faɗa wanda ba zai tona shi ba. Ya koma jan carbinsa.

Haka ya zauna yana gane kayan da sautinsu. Ƙarar daro a kan siminti, wannan daron wankan jego ne. A cikinsa aka dafa wa Dijatu ruwan ganyen darbejiya kwana arba'in lokacin da ta haifi wannan mai zubar da shi ɗin, gwaggon Dijatu ta zo daga Kwandere tana fyaɗa mata ganye, shi kuma yana faskaren itace har hannunsa ya yi kanta. Wani abu ya gangara ya bugi bango, dutsen goge kaushin Dijatu ne. Da bokitin ya faɗo kuwa, sai da ƙirjinsa ya amsa. A kayan aurenta aka kawo shi, a bayan akori-kura, ruwan sama na dukansu, ita tana cikin lulluɓi tana kuka tana dariya. Shekara arba'in da biyu bokitin nan yana gidan. Wayyo, kewarta ta kama shi har ya rasa inda ya tsaya a carbi.

Kafin azahar baban bola ya zo da kurarsa ya kwashe ƙarafan, turmin kuma Cordelia ta roƙa za ta hura wuta. Rekiya ta cire ƙusoshi, ta wanke bango da ƙasa, ta jera sabon bokitin roba da sabuwar buta. Ta zo tana haki, cike da murna, ta ce ya je ya gani, makewayin kamar ba shi ba. Ya sa mata albarka, don ta cancanta, aikin ƙauna ta yi.

Ya yi ta jan lokaci, amma fitsarin tsoho ba ya jiran shawara. Ya tashi ya tafi a miƙe kamar mai gani, ya tura ƙofa ya shiga ya rufe. Duhu ya haɗiye ɗan hasken da yake gani. Da lalube da addu'a a zuci ya tsuguna a gefen wanka, ya yi abin da ya kawo shi, ya yi tsarki. Da ya kai hannu dama don ya dafa, sai iska. Ya yunƙura da kyar, santsin omo ya kwashe shi ya yi juyi, Allah ya taimaka ya dafe bango bai faɗi ba. Ya ɗaure wandonsa. Sai dai yanzu bai san ina ya fuskanta ba. Bango sumul ko'ina, ba ƙusa, ba zane, ba jarka. Ramin yana nan kusa, buɗe, gaba ko baya, Allah masani. Ya miƙa ƙafa yana neman bokiti, ya janye ta da sauri.

A makewayi ba a magana, haka aka koya masa, haka ya koya wa 'ya'yansa. Ya ji takun Rekiya za ta wuce, ya yi gyaran murya da ƙarfi. Ita kuwa, 'yar tarbiyya, ta ɗauka yana sanar da ita ne akwai mutum a ciki. Ta ce, "Yi haƙuri, Baba," ta yi nesa abinta. Ya sake yi, ya kuma sakewa, kowane gyaran murya ƙara korarta yake. Aka kira salla yana tsaye, aka tayar yana tsaye, gumin zafin Lafiya na bin bayansa. Tsoro ya kama shi, da kunya, da haushin kansa.

Ita 'yar fari ce. Tun da aka raɗa mata suna bai taɓa furta shi ba, saboda alkunya, sai dai ya ce "ke" ko "yarinyar nan". Amma Cordelia ma na tsakar gidan, kuma ba ya son kowa ya buɗe ƙofar nan sai jininsa. Ya ɗaga murya.

"Rekiya."

Kwanon da take wankewa ya yi tsit. Ya ji gudunta, ya ji ƙofar ta buɗe, haske ya shigo ta inda bai zata ba, ta bayansa. Ta tarar da shi yana fuskantar bango, hannu a miƙe, yatsun ƙafarsa a bakin rami. Ba ta yi ihu ba. Ta kama hannunsa a hankali ta juyo da shi.

"Baba, tun yaushe?"

"Shekara biyu. Uwarki ce idona." Ya riƙe hannunta. "In kin gama wanke-wanken, ki haɗa mini kayana."