Awa Ɗaya a Ɓangaren Shuɗi

Kwamfuta ɗaya ce a gidan, a kan teburin falo tsakanin firji da taga, kuma Malama ce ta saya. Shekara shida tana shirya wa ɗalibanta jarrabawar lissafi a kanta lafiya lau, har ƙanin mijinta ya zo zaman wata biyu. Yanzu yana cikin na goma sha huɗu.

Injiniya ake ce masa. Kwas ya yi na wata uku, kuma tun daga nan bai ƙara ganin abu yana aiki ya ƙyale shi ba. Agogon bango ya buɗe don ya ga abin da ke sa shi ƙara, agogon ya tsaya a huɗu saura kwata har yau.

Wata rana ya sanar cewa tsarin da kwamfutar ke tashi da shi na 'yan koyo ne. Zai raba ma'ajiyarta biyu, ya sa tsarin masana a gefe, in an kunna kowa ya zaɓi nasa.

"Kamar gidan haya ne, matar Yaya," in ji shi. "Ɗaki biyu, ƙofa ɗaya. Ba abin da zai taɓa kayanki."

Ya raba. Aka sa wa ɓangarorin suna da launin fuskarsu: nata Shuɗi, nasa Baƙi. Filin da ya share don gina ɗakinsa kuwa, nan Malama ta ajiye muryar mahaifiyarta. Naɗi arba'in da ɗaya ne, na shekarar tsohuwar ta ƙarshe, tana lissafo dangi, tana tari, tana yi wa Malama faɗan yawan gishiri. Duk suka goge, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

"Allah ya ji ƙan Mama," in ji Injiniya. "Amma gaskiya, matar Yaya, abu mai muhimmanci ba a ajiye shi wuri ɗaya. Ki ɗauke shi darasi."

Mijinta ya ce a yi haƙuri, yaro ne. Yaron shekararsa talatin da ɗaya. Malama ta ce ba komai. Maigidan ya ji haka hankalinsa ya kwanta, duk da shekara goma sha tara yana zaune da ita.

Ita ce ta lura da maganar lokaci. Agogo ɗaya ne a cikin na'urar, amma tsarin biyu ba su yarda da juna kan yadda ake karanta shi ba. Duk sanda aka shiga Baƙi aka dawo Shuɗi, sai lokaci ya koma baya da awa ɗaya cif. Da can Shuɗi kan gyara kansa ta intanet, amma Injiniya ya kashe wannan, wai yana shan data. Don haka kullum da safe Malama ke gyarawa da hannu, ba ta ce wa kowa komai ba. Injiniya bai taɓa sani ba. Ba ya shiga Shuɗi, kuma a saninsa abubuwan gidan nan da kansu suke gyaruwa.

Sai wani kamfani ya kira shi ganawar neman aiki ta bidiyo, ranar Talata ƙarfe goma. Saƙon ya ce wanda ya makara da minti goma sha biyar an cire shi. Manhajar ganawar ta ƙi buɗewa a Baƙi. Wayarsa kuma tana wurin mai gyara, don ita ma ya yi mata ƙarin ilimi a makon.

"Zan ɗan sauko ɓangarenku na 'yan koyo, matar Yaya."

"Gidanka ne," in ji ta.

Ranar Talata ba ta da aji sai azahar. Da maigida ya fita, ta kunna kwamfutar, ta zaɓi Baƙi, ta jira ya gama tashi, ta kashe. Ta sake kunnawa ta shiga Shuɗi. Agogon hannunta takwas, fuskar kwamfuta bakwai. Ta cire agogon, ta haɗa shi da wayarta a jaka, ta zuge, ta saki labule.

Injiniya ya fito sanye da kwat ɗin yayansa, hannuwan sun rufe masa yatsu. Ya leƙa kwamfuta.

"Tara saura ashirin. Da sauran lokaci."

"Zauna ka karya. Ba a neman aiki da yunwa."

Ta soya masa ƙwai uku, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wuyan rigarsa ya yamutse, ya cire ta goge masa. Ta goge a hankali, har cikin aljihu. Sannan ta zauna gabansa ta haɗa hannu kamar ɗaliba.

"Wai ni har yau ban gane bambancin Baƙi da Shuɗi ba. Ka yi mini bayani, ko sun tambaye ka."

Wata da watanni yana jiran wani ya yi masa wannan tambayar. Ya yi minti arba'in yana amsawa, har da zane a bayan ambulan. Malama tana gyaɗa kai, tana cewa ashe.

Goma saura biyar a fuskar kwamfuta ya gyara zama, ya gwada murmushi, ya latsa. Rubutu ya fito cewa an rufe ganawar. Ya sake latsawa. Ya ce matsalar daga wajensu ce, ƙananan kamfanonin nan ba su da ƙwararru. Yana cikin faɗin haka rediyon maƙwabta ya fara labaran ƙarfe goma sha ɗaya.

Ya juyo ya dube ta. Tana kwashe kofuna.

Da yamma maigida ya same ta a kicin, ya rufo ƙofa.

"Ke kika yi?"

"Ni 'yar koyo ce."

"Kin san aikin nan a wani gari yake? Har ɗaki suke bayarwa. Da ya samu, da ƙarshen watan nan ya bar mana gidan."

"Na karanta saƙon."

"To me ya sa?"

Ta ɗauraye wuƙa ta kife a kwando.

"Ban gama da shi ba. In ya tafi, a ina zan same shi?"