Asuwakin da Almu Ya Kawo

…kuma har yanzu fari ne. Na sake miƙo harshen gaban madubi, fari fat, kamar an shafa masa farar ƙasa. Tun zazzaɓin watan jiya yake haka.

Kaka Baraka, da kina raye ai da tuni kin faɗa min. Kowace safiya a tsakar gidanmu na Ƙofar Sauri, kina kan turmi, ki kama haɓata: "Miƙo harshen, ja'ira. Mi kika ci jiya? Kai, bakin nan ko kura ta ji shi sai ta juya!" In yi ta dariya kina kankare min da asuwaki, ki ba ni ruwan gishiri in kurkure. Hannunki ƙamshin kanumfari…

Shekara biyu ba ki. Gidan nan cike da mutane, amma wa zai faɗa? Umma kawaici. Ma'u ƙanwata sai dai ta ɗan kau da kai in ina magana, ni kuwa ina zaton hankalinta ne ya tafi wani wuri.

Sai Almu. Wata bakwai yana zuwa zance, kullum da turare ko jarida, don ya san da takardun ƙunshin ƙosai na koya wa kaina karatu. Ran Juma'ar can ya miƙo ƙulli, idonsa a ƙasa — asuwaki uku da kanumfari. Na karɓa.

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun yaushe yake jin warin? Ranar da nake karanta masa labarin sojoji za su miƙa mulki, ina ta zuba kamar kanya, shi yana murmushi… yana daurewa ne?

Sau biyu ya zo na ce kaina ke ciwo. Ma'u ta ce in ban fito yau ba, ba zai ƙara matsa min ba. Haka ya ce.

Rediyon Abba na ta maganar rantsar da gwamnan farar hula, kowa na murna, ni ina nan ina huci a tafin hannu ina sunsunawa. Ba na jin komai. Mutum ba ya jin nasa, ke kika faɗa. Nas ɗin asibiti ta ce in riƙa kankare harshe, in sha ruwa sosai, in bai tafi ba in koma a duba haƙori.

Ɗacin asuwakin nan — irin naki ne, Kaka. Irinsa sak.

Ke kaɗai kike matsowa kusa har ki sani. Kuma ba ki taɓa ja da baya ba. Shi ma ranar… tabarmar zaure, bai ja da baya ba. Ko ya ja? Ban duba ba, ina ta kallon ƙullin.

An idar da La'asar. Ga ƙarar babur ɗinsa ta tsaya a ƙofar gida.

Mayafi na hannuna. Asuwakin na bakina…