Akwatin Ajimi

Alamin ya durƙusa gaban akwatin da wayoyin lantarki biyu a hannu. Shekara ashirin yana gyaran rediyo a kasuwar Nguru, amma yau a Gashua canjin batir kawai ya jiƙa shi da gumi.

Amininsa Ajimi ne ya haɗa akwatin kafin ya rasu bara. A ciki akwai wani ɗan cif da bai kai ƙwallon dabino ba. Da kwamfuta ake gaya masa abin da zai zama, yau mai ƙara sauti, gobe mai tace shi. Wata uku Ajimi yana sauya masa tsari, yana magana a makirfo, har mahaifiyarsa Ya Fanne, wadda kunnenta ya mutu, ta ji. Da muryarsa ya daidaita shi, don haka kowa ya yi magana, Ajimi take ji. Aibin cif ɗin ɗaya ne: wuta ta yanke ko na ƙiftawar ido, ya manta komai. Faifan da aka adana tsarin kuwa zafi ya lalata shi tuni.

"Ɗana, yi a hankali," in ji Ya Fanne. Ta ba shi baya, tana tsince shinkafa. "Ajimi ba ya son a taɓa masa kaya."

Ya maƙala sabon batir kafin ya cire tsohon. Garin cirewa, waya ta zame, koriyar fitilar akwatin ta mutu. Ya mayar da sauri, ya kara abin sauraron a kunnensa, ya yi sallama a makirfo. Shiru. Ya sa mitar awo, allurarta ko motsi. Ji ya yi kamar yau aka binne Ajimi.

"An gama?" Ta miƙo hannu ba ta waiwayo ba.

Ya ba ta abin sauraron. Ko ya faɗa, da wane kunne za ta ji?

Ta saka. Rana tsaka, gidan tsit, makirfo yashe a ƙasa, ba wanda ya buɗe baki. Ta karkata kai, ta yi murmushi.

"To, to, zan gaya masa." Sai yanzu ta juyo. "Ya ce kar ka damu da wayar da ta zame. Wai ka zauna ka ci abinci, motar Nguru ba yanzu ba."

Alamin ya dubi allurar, tana kwance a kan sifili. Ya janyo tabarma ya zauna.