Tokar Malam Badamasi

"Ku dakata," in ji Malam Badamasi, ana ƙoƙarin sa shi a mota. Numfashi na fita da ƙyar, amma idonsa na kan maƙwabciyarsa. "Hapsatu, awarwaro goma sha biyu na binne a toka. Kada iska ta taɓa su, balle ruwa, sai jibi. In suka huce da gaggawa, fashewa za su yi."

"To, Malam. Kai dai Allah ya ba ka lafiya."

Shekara arba'in ke nan yana narka kwalabe yana yin awarwaro a tsakar gidansa a Fagam, sana'ar da ya koyo a Bida tun yana saurayi. A da, amaren Gwaram har rigima suke yi a kan aikinsa. Da na roba suka cika kasuwa, sai aka bar shi daga shi sai zugazugi sai tari. Ba ɗa, ba magaji, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya. Waɗannan sha biyun ma ba wanda ya sa shi. Cewa ya yi a samu abin nunawa ranar da yara za su ce ƙarya ne, ba a taɓa yi a garin nan ba.

Hapsatu ta kife tsohuwar tasa a kan murhun, tana ta leƙawa kamar mai jinya. Washegari da hantsi aka dawo da shi daga asibitin Birnin Kudu a naɗe cikin tabarma.

Gida ya cika. Ta fita ɗebo wa mutane shimfiɗa, minti nawa ne? Tana dawowa ta tarar da A'i, ƙanwar mamacin da ta zo daga Wurno, ta ɗage tasar, bokiti a hannu, tururi na tashi.

"A bar garwashi a gidan rasuwa, yara na yawo? Ai sakaci ne."

Hapsatu ta buɗe baki ke nan, sai ta ji ƙas, ƙas, daga cikin tokar, ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ƙarar nan ta fi sukar ta a kan kukan da aka yi da shigowar gawa. Me za ka ce wa mai kukan ɗan'uwanta?

Bayan sadakar uku ta tankaɗe tokar a rariya. Ko ɗaya bai tsira ba. Ta zube gutsattsarin, kore da shuɗi, a gindin katanga. Kaji suka rugo, suka caccaka, suka ga ba hatsi ba ne, suka watse.